Hannun da Gwaggo ta Ɗaure

Tun da na dawo daga Indiya bakina bai huta ba. A wurin aiki a tare ni, a gidan suna a tare ni, har waya ake bugowa wai a yi mini sannu da zuwa, alhali labari ake nema. Ƙawayena na makarantar jinya su suka fi matsa mini, kuma tambayarsu ba ta canzawa: da gaske ne mutanen can na hawa tudu su yi ta rawa, kuma ina tsarabarsu? Rawa dai ban gani ba, tsaraba kuwa ta ƙare tun a makon farko. Labarin ne ya rage, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi, kowa ya karanta, ni ma in samu in sha ruwa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, ciwon Gwaggo ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin aikin zuciya na wani babban asibiti a birni. A Faskari aka haife ni, amma a Sabuwa na tashi, a hannun Gwaggo Hajara, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni riƙo tun ranar da aka yaye ni. Mace ce mai kaifi, ba ta zama wuri ɗaya, kuma ba a gama magana kafin ta gama tata. Sai ga shi wannan matar ta koma ba ta iya takawa daga ɗaki zuwa madafi sai ta tsaya tana haki, har wata rana ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya. Da muka kawo ta birni aka duba, likita ya ce bawul ɗin da jini ke bi ya fita daga zuciya zuwa jiki ya taurare ya tsuke. Bawul ɗin nan kamar ƙyaure yake, ya buɗe jini ya wuce, ya rufe kada jinin ya dawo. Nata ya daina buɗewa sai ɗan kaɗan. Ƙwaya ba ta gyara shi, sai an sa sabo, tsaga ƙirji kuwa shekarunta ba za su ɗauka ba.

Akwai wata hanya da ba sai an tsaga ƙirji ba. Ana naɗe sabon bawul a cikin wani siririn bututu da muke kira kateta, a zura shi ta jijiyar jini ta matsematsi, a tura har zuciya, a sake shi ya buɗe a gurbin tsohon. Babban likitanmu ya koyo aikin, wani ƙwararre daga Indiya ya yarda zai zo ya tsaya masa a kan marasa lafiyar farko, wata ƙungiyar taimako kuma ta ɗauki nauyin kayan. Abu ɗaya ya rage, wato wanda zai ɗura bawul ɗin a cikin katetar. Sharaɗin baƙon shi ne sai an samu ma'aikacin jinya namu da ya je ya koya aka gwada shi ya ci, in ba haka ba a ɗaga aikin sai baɗi. Likita ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya, cewa bai ga alamar Gwaggo za ta kai baɗin ba. Da aka tara mu aka ce wa zai tafi, ban bari an gama tambayar ba.

Sai da na fara zuwa Sabuwa sallama. Na iske Gwaggo a kan tabarma ta jingina da bango, tana ta ba jikokinta umarni ana kaɗa mata miya.

"Wai ke za ki naɗe abin da za a sa mani cikin ƙirji?" ta ce.

"Ni ce, Gwaggo, in Allah ya yarda."

"Da mi aka yi shi?"

"Da wayar ƙarfe, Gwaggo, da tantanin da ke lulluɓe da zuciyar saniya."

Ta ce, "To, da sauƙi. Saniya dai mun san ta."

Ta jawo ƙullin daddawa da garin kuka ta miƙo mini. Jaka na hannuna na dama, sai kawai na miƙa na hagu. Nan take ta janye ƙullin.

"Har yau wagga ɗabi'a ba ta bar ki ba?"

Ku da kuka san ni a makaranta ba ku san wannan ba: ni bahaguwa ce aka haife ni. Gwaggo ce ta sa ƙafar wando ɗaya da hannun nan. In za a ci abinci sai ta ɗaure mini shi a ƙugu da tsohon ɗankwalinta, in kuwa na karɓi abu da shi, ludayi ne zai sauka a bayan yatsuna. Ba mugunta ba ce, tsoro take kada in je gidan miji a ce ba a yi mini tarbiyya ba. Ta kuwa ci nasara. Da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake yin allura, kuma ba wanda ya taɓa kuka da allurata. Amma zura zare, yankan kuɓewa, tsifar kai, duk wani aiki mai son natsuwar yatsa, in ba idon kowa da hagu nake yi. Da zarar babba ya shigo kuwa, hannuna da kansa yake sauyawa tun kafin in yi tunani.

Na ajiye jakar na karɓa da dama. Ta ce, "Ki tahi ki koyo da kyau. Kuma kada ki je ƙasar mutane kina miƙa ma manya hagu, a ce ɗiyar Sabuwa ba ta da tarbiyya."

Motar Malam Iliya na shiga, direban da ya san kowane rami a hanyar nan da sunansa. Kamar yadda aka saba saboda 'yan bindiga, sai da rana ta ɗaga muka tashi, kowa idonsa a kan titi yana lura ko motoci na tahowa daga gaba. Mun ɗan yi nisa sai muka ga sun ɗauke ɗif. Malam Iliya ya gangara bakin wani ƙauye inda wasu motoci suka riga mu tsayawa, muka zauna jugum-jugum, wata tsohuwa a bayana tana ta jan carbi. Ni kuwa ba tsoron daji ya fi damuna ba, jirgi nake tunani. Can sai ga mai babur ya ɓullo yana dariya, ya ce babbar mota ce ɗauke da masara ta kafe a bakin gada ta tare hanya. Malam Iliya ya ce, "To, in masara ce a yi ta kahewa kullum." Muka sauka maza da mata aka rage buhuna, aka tura, muka wuce.

A Faskari Baba ya sa mini albarka, Inna kuwa ta rantse ba zan shiga jirgi da hannu fari fat kamar marar gata ba. Ta sa aka kwaɓa lalle aka ƙunsa mini yatsu duka har ya yi baƙi. Daga nan muka bi ta Sheme zuwa Ƙanƙara, inda na bar yarana wurin surukata, Hajiya, wadda ta cika mini roba da dambun nama, wai ta ji an ce mutanen can ganye kawai suke ci. A gidanta na yi wankin yaran kaf kafin in kama hanyar Kano, kuma wannan wankin ya yi mini rana daga baya.

Jirgi bai ba ni wahala ba, sai dai zaman jira a Adis Ababa, inda sanyi ya sa na gane rigar sanyina tana can ƙasan akwatin da aka riga aka wuce da shi. Wahalar tana Cennai, garin da muka sauka a kudancin Indiya. Jami'in shige da fice ya duba fasfo da biza da katin rigakafi, ya nuna mini gilashin da ake ɗora yatsu. Na ɗora na dama, na'ura ta ƙi. Ya ba ni tsumma na goge, na sake ɗorawa, ta ƙi. Lallen Inna ya rufe zanen yatsun gaba ɗaya. Layi ya yi tsawo a bayana, gumi ya fara keto mini, ina ta raya cewa a nan za a juya ni gida saboda kwalliya. Sai ya nuna ɗaya hannun. Ashe wankin Ƙanƙara ya cinye lallen hagu, don da shi nake cuɗa kaya. Na'ura ta karɓa nan da nan. Na ba shi haƙuri a kan na miƙa masa hagu, ya dube ni bai ma gane abin da nake ba haƙuri a kai ba. Gaba kaɗan 'yan kwastan suka buɗe robar Hajiya, suka shinshina, suka ce nama ba ya shiga. Haka na tsaya ina kallo aka wuce da dambuna, daddawa dai ta tsira don ba wanda ya iya jure buɗe ta.

An sauke ni a gidan baƙi na ma'aikatan jinya, kusa da asibitin. Wata dattijuwa ke riƙe da gidan, kowa Amma yake ce mata, wato uwa. Ranar farko na tambaye ta ko zan iya ɗora tukunya a madafinta, sai ta kaɗa kai gefe da gefe. Na ce to, na koma ɗaki na jiƙa garin kwaki. Washegari na sake tambaya, ta sake kaɗa kai, na sake haƙura. Sai da wata 'yar Kenya da muka zo koyo tare ta gan ni ina shan gari, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai kaɗa kan nan nasu na amincewa ne. Amma ta yarda tun farko, sharaɗinta kawai kada nama ya taɓa tukunyarta.

Abincinsu shinkafa ce safe da rana, da wata waina fara mai tsami-tsami da ake turarawa, kusan ɗanɗanon sinasir, da miyar wake mai ruwa. Yaji kuwa, mu da muke taƙamar cin barkono ashe wasa muke. Da hannu suke ci kamar mu, kuma da dama. Amma ta tsaya a kaina ta ga yadda nake cin shinkafarta, ta yi ta kaɗa kai tana murmushi, na ce a raina Gwaggo ga shi ban ba ki kunya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shanu ne. Saniya ce za ta kwanta a gefen titi, ba makiyayi, ba igiya, motoci na kauce mata. Na tuna garken Baba da aka kora a dare ɗaya shekarun baya, da yadda ya bar zancen shanu tun daga ranar. Na ɗauki hoto zan aika masa, sai na fasa, don na san ba dariya zai yi ba.

Wadda aka damƙa mu a hannunta sunanta Sista Lata, gajeruwa, mai furfura a goshi, ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ta kai mu wani ɗaki mai teburin ƙarfe, ta buɗe kwalba ta fito da bawul na gwaji. Ragar waya ce mai siffar ɗan kalangu, faɗinta ya kai murfin robar ruwa, an ɗinke tantanin saniya a ciki ya zama 'yan ganyaye uku masu buɗewa da rufewa. Ta ɗaga katetar, bakinta bai kai kaurin fensir ba. Ta ce wancan ne zai shiga cikin wannan, ba tare da ganye ɗaya ya yage ko waya ɗaya ta lanƙwashe ba. Na ce a raina yau ake yin ta.

Iri biyu ta koya mana. Na farko da na'urar matsewa ake yi, wani akwati mai rami a tsakiya da mariƙi a gefe. Ka wanke bawul a kwanonin ruwan gishiri har maganin da aka ajiye shi a ciki ya fita, ka sa masa 'yar riga mai taushi don kare ganyayen, ka sa shi a ramin, ka danna mariƙi ramin ya tsuke ta ko'ina daidai, ya manne shi a jikin kateta mai balan-balan. In an kai zuciya a hura balan-balan ɗin ya buɗe. Babban haɗarinsa shi ne ka sa shi kai a ƙasa, don haka kafin matsewar ƙarshe sai ka faɗi da baki inda gindinsa ke kallo, wani ya duba ya amsa. Wannan ban sha wuya a kansa ba.

Na biyu shi ne wanda za a sa wa Gwaggo, shi ne kuma ya kusa kayar da ni. Wayarsa irin wadda ke laushi a cikin sanyi ce, in ta ji ɗumin jiki ta miƙe ta koma siffarta. Saboda haka duk aikin a cikin tire ake yin sa, cike da ruwan gishiri da ƙanƙara, hannu a nutse. Ka tura bawul ta cikin wani mazurari ya tsuke, 'yan kunnuwansa na ƙarfe su leƙo ta ɗaya bakin. Kunnuwan nan ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kuma kowanne yana da gurbinsa a jikin katetar. Hannu ɗaya zai zaunar da su a gurbin ya danne, ɗaya hannun yana murɗa wani zobe, kube yana tahowa a hankali yana haɗiye bawul ɗin. In kunne ɗaya ya zame ko kaɗan, kuben zai tafi a karkace. Daga ƙarshe a kai katetar ƙarƙashin na'urar hoton ƙashi a duba. In an ga waya ta hau kan waya, a zubar da bawul da kateta duka, don wanda aka ɗura ba daidai ba zai iya ƙin buɗewa ko ƙin sakin kateta a cikin zuciyar mutum.

Da dama na kama kunnuwan, tunda ga Sista Lata tsaye a kaina. Ruwan ya ratsa safar hannu, yatsuna suka mutu, na daina jin abin da nake taɓawa. Kunne ya zame. Na sake, ya zame. Ranar da na samu ya shiga, hoto ya nuna kuben ya yi ƙusumbi. 'Yar Kenya ta wuce wannan mataki, wani saurayi ɗan Nefal ya wuce, ni ina nan ina ɓata na gwaji. Sista Lata ta kira ni ta ce, "Saudatu, kina da natsuwa, kin san kowane mataki, amma yatsunki ba sa jin kunnen. In haka kika yi ranar gwaji ba zan sa hannu ba. Akwai mutum a ƙarshen bututun nan."

Na ce, "Na sani, Sista. Wadda ta rene ni ce a ƙarshensa."

Ta dube ni ta ce, "To kin ga dalilin da ba zan sa hannun ba."

Na ji zafin maganar, amma na san gaskiya ta faɗa. A ranar kuma ƙanena ya bugo waya ya ce Gwaggo ta sake suma, an kwantar da ita a asibitinmu. Na yi kuka a banɗaki na wanke fuska, na ce wallahi ba zan koma gida hannu rabbana ba. Na roƙi Amma ƙanƙarar firjinta, kullum in an tashi in zuba a kwano, in nutsa hannun dama ina tsintar ƙwayar shinkafa ina jerawa a bakin cokali. Amma tana wucewa tana kallona, ta ɗauka wani magani ne na ƙasarmu. Hannun ya ɗan saba da sanyi, amma jin nan da ake nema bai zo ba. Ko sau ɗaya ban kawo hagu a raina ba, don a ganina aikin da za a yi gaban manya ba nasa ba ne.

Keke mai ƙafa uku ne ya yi sanadi. Irin namu ne sak, sai dai nasu direbobin sun fi namu ganganci. Wata safiya ina sauka ƙarfen ƙofa ya kama hijabina ya yage. Da aka tafi shan shayi sai na zauna ni kaɗai a ɗakin canza kaya, na zura zare, na hau ɗinki. Ban ji shigowar Sista Lata ba. Ina ɗaga kai na gan ta, allura ta koma hannun dama.

Ta ce, "Mayar da ita inda take."

Na yi kamar ban gane ba.

"Na daɗe a tsaye. Na ga yadda kika zura zaren nan ba ki ko duba ba. Me ya sa kike ba ni ɗaya hannun a tire?"

Na gaya mata labarin ɗankwali da ludayi, da abin da Gwaggo ta ce ranar sallama. Na zaci dariya za ta yi. Sai ta ce su ma haka ne, ko canji ba ka miƙa wa mai shago da hagu, kuma ƙanwarta ta sha duka a kan haka. Sannan ta ce, "A waje ki yi yadda aka koya miki. Amma a ɗakin can ba ni ce babba ba, ba likita ba ne. Mara lafiya ne babba, kuma hannunki mafi kyau yake so."

Ta juya tiren, ta mayar da mazurari ɗaya gefen, ta ce in zagaya teburin. Na nutsa hagu a ruwa. Sanyin dai shi ne, amma ina taɓa kunnen na ji shi, na ji gefensa, na ji lokacin da ya faɗa gurbinsa. Kada ku zaci daga nan komai ya tafi sumul. Dama ba ta saba murɗa zoben ba, tana yi da gaggawa, sai da na koma kamar sabuwar shiga na sake koyon aikin daga farko, ga lokaci ya ƙure. Ina riga kowa zuwa, ina bin bayan kowa fita, har mai shara ta san ni. Yatsuna suka tsage saboda sanyi, ina shafa man kaɗanya ina komawa.

Ranar gwaji na wanke bawul, na duba ganyayensa, na tura shi a mazurari, kunnuwa suka leƙo. Na zaunar da su na danne da hagu, na fara murɗawa. Ana cikin haka ƙofa ta buɗe, shugaban sashen ya shigo, wani tsoho mai farin gashi wanda kowa ke miƙewa in ya wuce. Ya zo ya tsaya daidai kafaɗata. Wallahi sai na ji hannuna ya fara sakin kansa, yana neman ya ba dama wuri, kamar yadda ya saba tun ina yarinya. Kube kuwa ya kai rabi, in na ɗaga yatsa kunne ya tafi. Na ce a zuci, Gwaggo ki yi haƙuri, na ƙara dannewa. Na ci gaba da murɗawa a hankali har kuben ya rufe bakinsa. Aka kai ƙarƙashin hoto, wayoyi suka fito a jere, kunnuwa a gurbinsu. Tsohon ya kaɗa kai gefe da gefe, wannan karon na san abin da yake nufi.

Kafin in taho sai da na ɗura na gaske, Sista Lata na gefena, aka sa wa wani tsohon masunci, na kuma ga ya tashi yana cin wainarsu. Ranar sallama Amma ta ƙulla mini garin yajinta, ni kuma na bar mata sauran daddawa, ko da yake na san bayan fitata za ta zubar.

Na iske Gwaggo a gadon asibiti ta rame, magana ma sai ta huta a tsakiya, amma ta samu ƙarfin cewa na yi baƙi. Baƙon likita ya iso, aka sa ta a farkon layi. Likitanmu ya tambaye ni ko zan iya, tunda tawa ce. Na ce in akwai wani ya zo ya yi, in babu a ba ni tire. A wannan aikin ba a sa mutum barci mai nauyi, ana kashe wurin ne a ba shi abin da zai kwantar masa da hankali. Na sa aka ja teburina can gefe, na juya mata baya gwargwadon iko, na zagaya ɓangaren da na saba. Na ɗura bawul ɗin da hagu, na miƙa wa likita katetar da hannu biyu. Na tsaya ina kallon allon na'urar hoto har bawul ya fita daga kube ya buɗe a cikin ƙirjinta, jini ya wuce. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na kuma gode wa Allah.

Washegari da safe na kai mata kunu. Ta zauna da kanta, numfashinta ya sauka, har leɓɓanta sun yi ja. Ta bar ni na gama gaisuwa, sannan ta ce, "Na gan ki."

"A ina, Gwaggo?"

"Ta ƙasan ƙyallen da suka rufa mani. Kin zaci barci nike? Na ga hannun da kika sa cikin ruwa."

Na sunkuyar da kai kamar mai shekara bakwai.

"Miƙo hannunki."

Na miƙa dama.

"Ba wanga ba."

Na miƙa hagu. Tunda nake, ban taɓa miƙa mata shi da saninta ta karɓa ba. Ta juya shi tana duba tsagar da sanyi ya yi wa yatsun, ta shafa bayansu daidai inda ludayi ke sauka, sannan ta ɗora shi a ƙirjinta. Na ji zuciyar tana bugawa da ƙarfi a ƙarƙashin tafina.

"Allah shi yi mashi albarka," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma tuwo dai da dama za ki ci gaba da ci."

Na ce, "To, Gwaggo."

Ba ta saki hannun ba, ni ma ban janye ba, har kunun da na kawo mata ya huce.